Mastas a kan kashin shanu

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Jiya da daddare ina zaune a ɗakin karatun 'yan digiri na biyu ina gyaran babi na biyar na kundina, wato babin shawarwari, sai aka kece da ruwa. Irin ruwan nan na Ibadan na watan Afrilu mai zuwa da iska da tsawa, kafin ka ankara an ɗauke wuta. Na kira ƙanena a gida na ce ya garin? Ya ce zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa, ko gajimare babu. Sai ya ce, "Yaya, bana dai ba za ka ce mu yi shuka ba ko?" Muka yi dariya. Amma tawa dariyar ba ta kai ciki ba, shi ya sa na ce bari dai in rubuta abin nan in huta.

Waɗanda suka san ni sun san injiniyancin noma nake karantawa. Lokacin da na zo yin mastas, a raina injin sussuka ko na ban-ruwa zan ƙera, abin da in na koma Bichi zan nuna a ce lallai yaron nan ya yi karatu. Ranar da na shiga ofishin sufabaizana ya ce mini yana da gurbi ɗaya ne kawai, a ɓangaren sarrafa kashin dabbobi. Sunan firojet ɗin da Turanci ya kai layi uku, amma da Hausa gajere ne: a tara kashin shanu da na kaji, a fitar da gas ɗin girki daga ciki, ragowar kuma a gwada ta a gona a ga ko za ta yi aikin taki. Tun daga ranar abokaina na Sabo suka laƙaba mini Injiniyan Kandilo. Wadda nake nema ma da ta tambaye ni me zan ce wa iyayenta ina karantawa, cewa na yi mu bar shi a injiniya kawai.

Kashin shanun a kara nake samowa, can Akinyele. Da an idar da sallar asuba nake fita da bokitai biyu masu murfi, don ana son sabo ne wanda rana ba ta taɓa ba. Direbobin Micra kuwa da sun ji wari sai su ja motarsu, dole na koma hawa acaɓa ina rungume da bokiti ɗaya, ɗayan a kan tanki. Ranar farko wani dattijo mai sayar da shanu ya tsaya yana kallona ina kwasa da shebur. Ya ce, "Ɗan nan, daga ina?" Na ce daga ƙasar Bichi, Baba. Ya riƙe baki. "Ka baro shanu a Bichi, ka zo Badun kwasar kashinsu? To Allah ya ba da sa'a." Daga baya shi ne ya riƙa sa yaransa su ware mini tun kafin in iso, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba.

A can ne na fara ganin abin da ya ɗaure mini kai. A garinmu taki dukiya ne. Ana tara shi a turke shekara guda, da rani a kai gona a amalanke ko a kan jaki, a zuba tsibi-tsibi. Da can ma har roƙon Fulani ake yi su sauka a gonar mutum bayan girbi, shanu su ci karan dawa su bar masa taki. A nan kuwa shara ce. A mayanka za ka ga abin cikin tumbi da jini ana kora su da ruwa su bi kwata su faɗa rafi, masu gidajen kaji kuma, waɗanda suka yi yawa a Oyo da Ogun, maƙwabtansu na kuka da wari da ƙuda. Sai dai yanzu ido ya fara buɗewa, na sha ganin motar da ta kawo albasa daga Arewa ta koma da buhunan kashin kaji.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don ba sihiri ba ne. Durom uku na roba nake da su, kowanne mai lita 200. Ka dama kashin da ruwa, awo ɗaya na wannan awo ɗaya na wancan, ka zuba, ka toshe ko'ina yadda iska ba za ta shiga ba, ka fitar da tiyo zuwa robar cikin tayar mota inda gas ɗin zai taru. A ciki akwai ƙwayoyin halitta irin waɗanda ke cikin tumbin saniya. Kashi na farko su farfasa abincin su mayar da shi ruwan tsami, kashi na biyu su cinye tsamin su fitar da iskar metan, wadda ita ce ke kama wuta. Metan ɗin yakan kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na gas ɗin, sauran mafi yawa iskar kabon ce, da ɗan abin da ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Matsalar ita ce waɗannan na biyun 'yan gata ne. Ba sa son iska, ba sa son sanyi, sun fi jin daɗi a wajen digiri 35, kuma in ma'aunin tsami na pH ya yi nisa da 7 sai su yi yaji. Ga su da nawar hayayyafa.

Ni kuma ga ni da gaggawa. Sati uku na farko gas na fitowa kaɗan-kaɗan, semina na matsowa, sai na ce bari in taimaka musu. Ɓawon rogo ne ko'ina a nan saboda masu yin gari, na kuma karanta cewa haɗa shi da kashin shanu na ƙara gas. Abin da ban tsaya na kula da shi ba shi ne a hankali ake sakawa. Na niƙa na antaya a durom biyu lokaci guda. Kwana biyu robar ta kumbura tim, na yi ta murna har da ɗaukar hoto. Da na kunna ashana a bakin tiyo, maimakon ta kama sai ta mutu. Kabon ne zalla. Na auna tsamin na ga ya sauko ƙasa da 6.

Akwai wani dattijo Bayerabe mai kula da wajen gwaje-gwajenmu, ya fi shekara ashirin a wurin. Bai ko kalli na'ura ba. Ya buɗe famfon ƙasa ya shinshina, ya ce mini da Turancin buroka abin da fassararsa ita ce, "Malam, cikinta ya ɓaci. Ka ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta." Nan take na tuna tunkiyar Inna da ta taɓa faɗa wa buhun gero ta ci ta ƙoshi, cikinta ya kumbura, aka yi ta ɗura mata ruwan kanwa. Wallahi abu ɗaya ne. Muka daina ba su abinci, muka sa abin kashe tsami, na je mayanka na roƙo abin cikin tumbi sabo muka zuba. Durom ɗaya ya farfaɗo. Ɗayan sai da na juye shi gaba ɗaya da hannuna na sake daga farko. Kusan wata biyu suka tafi a banza, ga kuɗin ɗaki, ga na abinci, ga abokan karatu sun yi semina sun bar ni.

Durom na uku na kashin kaji ne, shi kuma tasa rigimar daban. Ƙwayoyin nan suna son abincin da kabon ɗinsa ya ninka naitirojin sau 20 zuwa 30. Kashin shanu na kusa da haka. Na kaji kuwa naitirojin ya yi masa yawa, ninkin bai wuce wajen 10 ba, sai ya riƙa fitar da amoniya mai yaji a hanci, ita kuma tana kashe musu kuzari. Wato na san kashin kaji yana da zafi. Na auna da hannuna, na rubuta a littafina. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da wutar ta kama kuwa, shuɗiya shar ba hayaƙi, na dafa shayi a kai. Duk ɗaliban da na yi wa tayi suka ce sun ƙoshi. Ni da dattijon nan muka shanye abinmu.

Sai ɓangare na biyu, gona. Aka ba ni fili a gonar gwaji na yanka shi ƙanana: wani na zuba masa ruwan takin da ya fito daga durom, wani kashin kaji, wani NPK 15:15:15, wani kuma ba komai. Kashin kajin da na yi amfani da shi ya jima a ajiye, kuma sai da na cakuɗa shi da ƙasa sati biyu kafin shuka, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na shuka masara a farkon Afrilu. A nan damina biyu ce a shekara, ruwa ya fara tun Maris ko Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba zuwa Oktoba, har ana noman masara sau biyu. Ƙasar ga ta da riƙe danshi. Zuwa ƙarshen Mayu masarar da ke kan kashin kaji ta kai mini ƙirji, kore shar har tana baƙi-baƙi. Na yi ta tura hotuna a gurup ɗin gidanmu. Kaina ya fara girma, ba zan ɓoye ba.

A daidai lokacin ƙanena ya kira. Ya ce an yi ruwa mai ɗan yawa a daren jiya. Takin zamani ya fi ƙarfinsu, tun bayan cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, don haka sun sayi buhunan kashin kaji kaɗan, ba za su isa a watsa a gonar bayan gida ba. Sun kuma sayi irin masara na zamani mai saurin nuna. Baba ya ce a tambayi injiniya yadda za a yi.

Baba bai taɓa tambayata komai a kan noma ba. Shekarata ashirin da takwas, wannan ne karo na farko.

Ina tsaye a bakin gonar gwajina, ƙafata cikin laka, na ba da amsa ko numfashi ban ja ba. Na ce tunda takin kaɗan ne kar a watsa, a zuba cikin hannu guda a kowane rami tare da iri, yadda ba abin da zai tafi a banza. Na ce kuma a shuka yanzu, wanda ya riga shuka ya riga girbi. Na taɓa karanta yadda manoma a Nijar ke sa ɗan takin zamani kaɗan a gindin shuka, da yadda ake haƙa ramukan tassa a wajen Tawa a zuba taki a ciki tun da rani. Sai na haɗa biyun a kaina na fitar da fatawa. Ban tambaya ba ko kashin sabo ne ko ya ruɓe. Ban tambaya ba danshin ya kai ina a ƙasa. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, mai ɗauke da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da gargaɗin tsayawarsa a tsakiya, yana cikin wayata, ban buɗe ba. Ruwan da ke zuba a kaina a Ibadan shi na ɗauka na auna Bichi da shi.

Kashin sabo ne, daga gidan kajin ƙwai aka kwaso shi. Ruwa kuma bayan wancan na farko ya ɗauke ƙafa sama da sati biyu.

Na je gida Babbar Sallah. Washegarin isowata Baba ya ce in raka shi bayan gida. Bai ce komai ba a hanya. Rabin gonar fayau, sai tsiro ɗaya nan ɗaya can, su ma bakin ganyen ya ƙone. Ya durƙusa ya tona rami guda da yatsa ya ɗauko ƙwayar masara ya sa mini a tafin hannu. Ta fara tsira, saiwar ta fito, sai ta yi baƙi ta tsaya. Ba sai an yi mini bayani ba. Gishiri da amoniyar da ke cikin ɗanyen kashin sun taru a ɗan ramin, ƙasarmu jigawa ce ba ta riƙe ruwa, ba a kuma samu wani ruwan da zai tsarma su ba. Abin da ya dami ƙwayoyin durom ɗina shi ya cinye irin Baba. Yana rubuce a littafina da hannuna.

Ɗaya rabin gonar ba a shuka ba. Na ce Baba wannan fa? Ya ce, "Wannan tawa ce. Waccan taka." Ya ce da ya tona a ranar, danshin bai kai kamu ɗaya ba, ƙarƙashi busasshiyar ƙasa ce, ruwan sama bai haɗu da sanyin ƙasa ba. Ya san ba ruwan shuka ba ne. Na ce to me ya sa kuka bi maganata? Ya ce, "To ai kai aka tura makaranta. In ban gwada taka ba, yaushe zan san abin da ake koya maka?"

Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Da daddare ƙanwata ta faɗa mini cewa akuyar Inna aka sayar aka sayi irin da kashin kajin. Inna ba ta ɗaga maganar ba har na taho, sai ma ƙuli-ƙuli da yajin daddawa da ta ƙulla mini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. A littattafanmu akwai ma'aunin da masu binciken yanayin Sahel ke amfani da shi wajen cewa damina ta faɗi: a samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan kar a yi fiye da kwana 7 ba ruwa a cikin kwana 30 da ke biye. Ma'auni ne mai kyau, amma ku duba, sai bayan wata guda za ka iya tabbatar da shi. Mai bincike yana da wannan watan, yana zaune da alƙalumansa. Manomi kuwa da safiyar nan zai yanke hukunci, da iri mudu kaɗan a hannunsa da ba shi da kuɗin sayen wani. Yatsan da Baba ke tona ƙasa da shi ƙoƙarin amsa tambayar nan yake yi tun kafin lokaci ya amsa ta. Ba kullum yake dacewa ba, shi ma ya sha yin shuka ta ƙone. Amma shi aƙalla ƙasar da zai shuka yake tonawa.

A zaman nan na gida na kuma yi wa firojet ɗina kallon tsaf. A daftarin farko na babi na biyar na rubuta, da Turanci mai daɗi, cewa ya kamata kowane gidan manomi a Najeriya ya mallaki irin wannan tukunyar gas. Na zauna a turkenmu na yi lissafi. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas wajen lita 40 ne. Shanun huɗa biyu gare mu, sai tumaki da awaki, kuma rabin yini suna waje, kashin yana zuba inda ba mai tsincewa. Kowane bokitin kashi yana son bokitin ruwa, kullum, a garin da a watan Afrilu ake layi a rijiya tun asuba. Ragowar da ke fitowa taki ne mai kyau, wannan gwajina ya nuna, amma ruwa ne tsululu. Amalanke ba ta ɗaukar ruwa, in ka shanya shi kuma wani kaso na naitirojin ɗin ya bi iska. Wa zai yi dakonsa zuwa gona mai nisan tafiyar rabin awa? A mayankar Ibadan ko gidan kaji mai dubban kaji, inda kashin ke tare wuri guda, ga ruwa, ga mutane na neman hanyar rabuwa da shi, abin yana da ma'ana sosai. A gidanmu kuwa abin da ya fi amfani bai kai haka armashi ba: a haƙa rami a inuwa, a tara takin da ragowar harawa da shara, a ɗan yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa, ya ruɓe kafin damina maimakon a bar shi rana da iska suna cinye ƙarfinsa. Ba wanda zai ba ka mastas a kan rami, amma shi ne gaskiyar.

Da zan dawo na ɗebo ƙasar gonar bayan gida rabin buhu. A tasha ɗan kamasho ya ɗaga ya ce me ke ciki haka da nauyi, na ce ƙasa ce. Ya kalle ni ya ce, "A Kurmin babu ƙasa ne?" Na biya kuɗin kaya na yi shiru.

Na zuba ta a gwangwanaye a ƙarƙashin rumfa, wasu da ɗanyen kashin kaji a rami, wasu da ruɓaɓɓe, wasu da ruwan durom. Na shuka, na ba su ruwa sau ɗaya, na hana su na sati biyu. Na so in ga abin da na yi wa Baba da idona tun daga farkonsa. Na kuwa gani. Da na kai wa sufabaizana ya ce wannan ba ya cikin abin da aka amince mini in yi, kuma gwangwanayen sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Gaskiyarsa ne. Na ba shi labarin yadda aka yi. Ya cire tabarau ya yi shiru, sannan ya ce in sa shi a rataye a ƙarshen kundin, in kuma raba shawarwarina gida biyu, na inda ruwa ke wadace da na inda damina ɗaya ce gajera. Ya ce duk inda na rubuta "manoma" in koma in faɗi waɗanne.

Aikin da nake yi ke nan jiya ruwa ya katse ni. Masarar bara dai ba a same ta ba a rabin nan, da ruwa ya zauna gero Baba ya maye gurbin da shi, ya kuma yi kyau, don zuwa lokacin takin ya huce. Ramin takin mun haƙa shi ni da ƙanena da na je hutun ƙarshen shekara, a gindin darbejiyar bayan turke. Ya ce mini sun juya shi sau uku, ya yi baƙi, warin ya tafi. Na ce kar a kai gona sai ya danna hannu ciki ya ji ba zafi. Maganar ranar shuka kuwa na ce ya tambayi Baba.

Kuɗin akuyar Inna na tara fiye da rabi daga ɗan abin da nake samu na koyar da yara lissafi a Sabo da yamma. Ina so in kai mata kafin Sallah, in Allah ya yarda, duk da na san cewa za ta yi wa ya aike ni.

Masu tambayar ranar kare kundi, an ce wata mai zuwa, amma kun san yadda abin yake. Ku sa ni a addu'a. In kuma akwai wanda ya san inda zan samu akuya mai kyau a kasuwar Bichi ba tare da an yanke ni ba, ya yi mini magana ta inbok.